Ranar da Tanne Ta Raka Dina Teburi

A garinmu Zandkerke da ke bakin teku, duk wanda aka haifa daga ƙarshen yaƙin duniya zuwa shekarar da aka buɗe asibitin haihuwa a birni, Tanne ce ta yi masa wankan farko. Wanda ya mutu a tsakanin nan kuwa, ita ta yi masa na ƙarshe. Tannetje aka raɗa mata ran baftisma, amma ba mai kiranta haka sai fasto da mai kawo wasiƙa.

Ita ce ta fari cikin 'ya'ya bakwai na wani ɗan ƙodago da ke aiki a gonakin albasa. Tana da shekara goma sha huɗu uwarsu ta rasu wajen haihuwar auta. Goggonta ta zo wankan gawa, ta miƙa mata daro ta ce, "Riƙe nan, kuma kada hawayenki ya zuba a ruwan." Tun daga ranar take bin goggon gida-gida, har tsohuwar ta gaza, aikin ya dawo hannunta ba tare da kowa ya naɗa ta ba. In mace ta fara naƙuda, Tanne ake nema. Za ta zo a kan kekenta, ta yi kwana tara a gidan, ta yi girki, ta yi wanki, ta kora miji gona in ya cika zirga-zirga. In mutuwa aka yi, kafin a gama rufe labule ta iso.

Mijinta Leunis yana cikin masu gyaran ganuwar da ke tare mana teku. Gajere ne mai surutu, ba ya rabuwa da lofe, yana kiwon zomaye a bayan gida. Maza biyu suka haifa, duk daga baya suka tafi Rotterdam aikin tashar jiragen ruwa. Shekarar da teku ta fasa ganuwa ta ci rabin gari, Tanne ta yi mako biyar a rumbun albasa tana karɓar gawawwakin da ake tsamowa daga laka. Sittin da ɗaya ta wanke, har da ƙanwarta. Ita ba ta taɓa ba da labarin ba, mutane ne suka ƙirga.

Wannan ita ce Tanne a gari. A coci kuwa ba kowa ba ce.

Sau huɗu a shekara ake shimfiɗa dogon tebur a gaban mumbari, a rufe shi da farin ƙyalle, a ajiye gurasa da ƙoƙon azurfa. Mutum ɗari shida ke cika cocin, amma in fasto ya yi kira, da ƙyar goma sha biyar su tashi. Ba hana sauran aka yi ba. Kowa dai ya san teburin na waɗanda Allah ya yi wa magana a zuci ne, masu iya faɗa maka rana da wuri: wannan yana tsugune a kunyar dankali, waccan tana hura murhu, sai suka ga zunubinsu tsirara, suka yi wata da watanni suna kuka, sannan aka sanar da su an yafe. Wanda ya ci gurasar nan bai bi ta wannan hanya ba, an ce hukunci ya haɗiya. Shi ya sa yawancinmu mukan zauna a benci, mu sunkuyar da kai, mu yi ta tsotsar alewar na'ana'a har a gama.

Tanne ta gaskata duk abin da ake faɗa daga mumbari. Ta yarda ita mai zunubi ce, ta yarda Almasihu ya mutu domin masu zunubi. Abin da ba ta sani ba shi ne ko tana cikin waɗanda aka nufa. Ta yi ta kasa kunne, a gona, a bakin murhu, a kan keke, ba ta ji komai ba sai iska. Abin bai cika damunta ba don aiki ya yi mata yawa, har ranar da dattawan coci suka zo ziyarar shekara, tana da shekara talatin da bakwai.

Dattijo Krijn ne ya ja gaba. Kafinta ne, shi ke yin akwatin gawa, saboda haka shi da Tanne sun saba haɗuwa a gidan makoki, ita tana fitowa da daro, shi yana shiga da ma'auni. Dogo ne siriri, ba ya dariya, amma bai taɓa ha'intar kowa a aiki ba. Wanda ya rako shi kuwa biskit kawai ya yi ta ci.

Da aka sha gahawa, Krijn ya ɗora hularsa a gwiwa ya ce, "To, Tanne, yaya tsakaninki da Ubangiji?"

"Ban sani ba, Dattijo. Ina dai jira."

Da a nan aka tsaya, da an rabu lafiya. Sai Leunis ya cire lofe daga baki. "Haba, Dattijo, Tanne kake tambaya? In Tanne ba ta shiga sama ba, ai sai a rufe ƙofar a ba zomayena wurin."

"Leunis!" in ji ta.

Krijn bai ko dube shi ba, ita ya zuba wa ido. "Kin ji abin da nake tsoro ke nan. Gari duka haka suke faɗa, kuma abin da kunne ya daɗe yana ji, zuciya takan ɗauka. Bari in tambaye ki, ki gaya mini tsakani da Allah. In kin gama wankan gawa kin hau keke za ki gida, me kike ji a ranki?"

Ba ta iya ƙarya ba. "Gajiya."

"Sai me?"

"Sai ɗan daɗi. In na ga na gyara mutum tsaf, 'ya'yansa za su gan shi da mutuncinsa."

"Shi ke nan," in ji Krijn a hankali, kamar likitan da ya gano ciwo. "Wannan ɗan daɗin. Da shi kike gina ganuwa tsakaninki da hukunci, kuma ganuwar gishiri ce, Tanne, ruwa na taɓa ta za ta narke. Ceto kyauta ne, ba lada ba. Aikinmu mafi kyau bai fi tsumman goge murhu ba a gaban Allah. Mashayin da ke kwance a kwata, wanda ya san ba shi da komai, ya fi kusa da alheri a kan mai hannu cike da kyawawan ayyuka, don hannun da ke cike ba ya karɓa."

"Kash, da na sani da na yi ta sha," in ji Leunis.

Ba wanda ya yi dariya. Aka yi addu'a, baƙi suka tafi.

Kwana uku Tanne tana juya maganar, ba ta ga inda ta karkace ba. In hannun da ke cike ba ya karɓa, to sai a zubar da abin da ke ciki. Ran Alhamis Jannis mai tuƙa motar madara ya zo a guje, matarsa ta fara ciwo. Tanne ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Je ka ɗauko nas a birni. Ni na daina." Jannis ya zaci wasa take. Yana nan tsaye da hula a hannu ta mayar da ƙofa ta rufe.

Mako goma sha ɗaya ta yi a gida, a tsakiyar sanyi. Takan zauna kusa da taga, hannu a cinya, tana jiran a yi mata magana. To, hannun bai saba zama ba. Ta goge daɓe, ta sake gogewa, ta wanke labulen da ta wanke jiya, har Leunis ya ce shi yanzu tsoron daɗewa a kujera yake yi, kada a haɗa da shi a wanke.

"Wannan gogen da kike yi, shi ba aiki ba ne?" ya tambaye ta.

"Wannan daɓe ne kawai, ba aikin kirki ba ne."

"Wa ya faɗa miki?"

Sai ta bar gogen ma na kwana biyu.

A mako na shida tsoho Bram mai ɗinkin raga ya mutu, 'ya'yansa mata suka yi masa wanka da kansu. Tanne ta je gaisuwa kamar kowa. Da ta leƙa akwatin ta ga sun makara wajen ɗaure masa haɓa, bakin ya kafe a buɗe. Mutumin da ya yi shekara tamanin bai yarda an gan shi ko maɓallin wuya a kwance ba. Babbar 'yarsa ta kalli Tanne, ta kau da kai. Tanne ta koma gida ta kasa cin abinci. Ta ce a ranta, ai ga shi na danne zuciyata saboda Allah, ba kowace mace za ta iya ba. Nan take ta kama kanta tana jin ɗan daɗin nan dai da Krijn ya faɗa, yanzu kuma a kan ƙin yi. In ta yi aiki, fahariya; in ta bari, fahariya. Ta rasa ta inda za ta zubar da abin.

Ana cikin haka matar ƙaninta, Riet, ta zo wuni. 'Yar Katolika ce daga yankin Brabant, mace mai fara'a da jan-baki, wadda gari bai taɓa yafe wa ƙanin Tanne aurenta da ya yi ba. Da ta ji labari ta tafa hannu.

"Ke Yaya, kanki ɗaya kuwa? A cocinmu da tuni an rataye hotonki ana kunna miki kyandir. To me Allah zai duba ran ƙarshe in ba abin da kika yi wa mutane ba? Hular da kike sawa zuwa coci?"

"Ba a sayen sama, Riet."

"Wa ya ce saye? Uwa ta haifi ɗa kyauta, sai ya kwanta ya ƙi tafiya don kada a ce da ƙafa ya sayi ransa?"

Tanne ta ga maganar da ma'ana, kuma ganin hakan ya ƙara tsorata ta, don tun tana yarinya an gaya mata maganar 'yan Katolika daɗin ji gare ta, a nan haɗarinta yake.

Lahadi ta goma fasto ya yi wa'azi a kan bangaskiyar da ba ta da hannu da ƙafa. Ya ce irin wannan gawa ce, sai binnewa. Ba wanda ya kai Tanne sanin gawa a cocin nan. Ta saci kallon bencin dattawa, ta ga Krijn yana gyaɗa kai a kowace jimla, daidai yadda ya yi ranar da ya kira aikinta tsumma. Ta fito daga coci kanta ya fi ɗaurewa.

Ran Talatar mako na gaba da hantsi, sai ga Krijn a ƙofarta, ba baƙar rigar ziyara, da ƙurar katako a gashinsa. Matarsa Dina ta faɗi a madafa, ɓarin jikinta na dama ya shanye, harshe ya karye. Ba su da 'ya mace. Kwana huɗu ke nan yana fama da ita shi kaɗai.

"Na ji kin daina zuwa gidajen mutane," ya ce.

"Kai ka ce tsumma ne."

"Ban ce ki daina ba."

"Ka ce hannun da ke cike ba ya karɓa. Shi ne na zubar."

"Tanne, wanda aka cece shi dole aiki nagari ya fito daga gare shi, kamar yadda albasa ke fitowa a ƙasar da aka gyara."

"Ai ni ban san ko an cece ni ba."

"Duk da haka wajibi ne a kanki."

Ta jingina da ƙofa. "Tsaya in gane, Dattijo. In na yi, ba ya amfane ni."

"Ba ya cetonki."

"In ban yi ba, zunubi ne."

"Zunubi ne."

"In na yi na ji daɗi, shi ma zunubi ne."

Ya ce, "Ki yi, amma kada ki dogara da shi."

"To da me zan gane ko na dogara ko ban dogara ba?"

Krijn ya dubi hularsa. Can ya ce, "Dina ta jiƙe tun safe. Ban san yadda ake sauya zanen gado da mutum a kai ba."

Ta shiga ta ɗauko daro, ta jawo kekenta.

Haka ta koma aiki, tambayarta na nan ba amsa. Ta koma gidajen masu jego da gidajen makoki, kuma safe da yamma tana gidan Krijn. Dina 'yar ƙaramar mace ce, da can mai kaifin harshe, tana cikin masu zuwa teburi tun tana da shekara ashirin da biyu. Yanzu kalma ɗaya tak ta rage mata: "Yauwa." Da ita take godiya, da ita take ƙi, da ita take zagi in ruwan wanka ya yi sanyi. Tanne kaɗai ke bambance su. Shekara shida tana juya ta, tana murza mata ƙafa, tana koya mata tsayuwa, har Dina ta iya jan ƙafa da sanda daga gado zuwa taga.

Da bazarar da ta biyo baya ta shigo aka sanar da Jibin Ubangiji, wato ranar shimfiɗa teburi. Dina ta yi ta nuna baƙar rigarta da sanda har aka gane coci take so a kai ta. Krijn aikinsa ne ya tsaya a kan teburin shi da wani dattijo, suna lura da masu zuwa, don haka Tanne ce ta zauna kusa da ita a ɓangaren mata. A lokacin an yi mana sabon fasto, matashi, bai fi shekara guda da zuwa ba.

Ya yi kira na farko, mutum takwas suka tashi. Da ya yi na biyu sai Dina ta dafa benci ta miƙe, sandar ta zame ta faɗi da ƙara. Tanne ba ta tsaya tunani ba. Ta tallafe ta ta hammata kamar yadda take yi kullum, suka kama hanya tsakanin bencuna. Taku ashirin da wani abu ne. Sai da suka ci rabi ta lura cocin ya yi tsit, ta ga hulunan mata suna juyowa ɗaya bayan ɗaya, sannan ta gane inda ƙafafunta ke kai ta. Ta ce a ranta, in zaunar da ita in juyo.

Ta zaunar da ita. Amma bencin teburi ba shi da majingina, Dina kuwa in ba a tare ta ta dama ba sulalewa take yi. Ga shi kuma ta miƙo hannunta mai lafiya ta damƙe wuyan hannun Tanne gam. Tanne ta ɗaga ido ta nemi Krijn. Yana tsaye, fuskarsa ta yi fari fat, bai ce zauna ba, bai ce tafi ba. Sai ta zauna.

Farantin gurasa ya taho hannu zuwa hannu. Tanne ta karɓa a madadin Dina, ta gutsuro kaɗan, ta sa mata a baki ta gefen da ke motsi, ta jira ta haɗiye. Za ta miƙa farantin gaba ke nan, Dina ta sake ta, ta ɗauki yanki guda ta danna mata a tafin hannu, ta rufe mata yatsu a kai.

"Yauwa," in ji Dina da ƙarfi, har na bencin baya suka ji.

Tanne ta dubi abin da ke hannunta. Ba a mayar da shi faranti, ba a jefar da shi ƙasa. Ta yi tunanin aljihu, ta tuna alewa ce a ciki da hankici. Fasto yana kallonta, matar da ke gefenta tana jiran faranti. Ta kai baki. Da ƙoƙon ya zo ta shayar da Dina, ta goge mata haɓa, ita ma ta kurɓa, don ba ta ga yadda za ta yi rabi ta bar rabi ba.

Ta tarar Leunis ya riga ta gida har ya ɗora dankali a wuta. "Maraba da mai tsarki," ya ce. "Yanzu sai na riƙa cire hula in zan shiga madafa?" Da ya ga fuskarta sai ya koma kan dankalinsa. Ta zauna ko hula ba ta cire ba, tana jiran abin da zai same ta. Tun tana ƙarama take jin labarin wani da ya ci bai cancanta ba, ya makance kafin ya kai gida, ko da yake ba wanda ya taɓa faɗin sunansa ko garinsu. Ta jira har dankali ya nuna. Ba abin da ya faru. Da yamma ta je ta kwantar da Dina.

Gari ya rabu biyu. Wasu suka ce ai da ma sun san girman kai na cinta a ɓoye, wasu suka ce ta ma makara da shekara ashirin. Ran Laraba da azahar fasto da Krijn suka zo.

"Tannetje," in ji fasto da murya mai taushi, "gaya mana abin da Ubangiji ya yi a ranki har kika tashi."

"Sandar Dina ce ta faɗi, Fasto."

"To, da kika zauna a teburin fa, me kike tunani?"

"Tsoro nake kada ta shaƙe. An yanka gurasar da kauri wannan karon."

Fasto ya yi gyaran murya. "Da ke kika ci kuma?"

Ta ce, "Ban sani ba. Na ji tsoro. Kuma na ji kamar in na yi kwana tara a gidan mai jego, ran na taran wani ya ce, zauna ke ma a zuba miki. Amma wataƙila yunwa ce, don ban karya ba ranar."

Fasto ya juya ga Krijn, idonsa na ƙyalli. Ya ce Allah yana da hanyoyi da yawa na jawo mutum, wani da murya, wani da hannun mara lafiya, kuma wadda ba ta zo don ta nuna kanta ba, ai ita ce ta zo hannu wofi. Krijn ya ce ba a shiga teburin Ubangiji ta taga. In jinya ce ta kai ta, to aiki ne ya kai ta, ba bangaskiya ba. Fasto ya ce to shi aikin daga ina ya fito? Krijn ya ce waɗanda ba su san Allah ba ma suna jinyar nasu. Fasto ya ce amma matarka ce ta ba ta da hannunta, kuma matarka ta fi shekara talatin tana zuwa teburin nan. Krijn ya ce matarsa ba ta cikin hayyacinta.

"Tana ciki sarai, Dattijo," in ji Tanne. "Jiya ma ta gane ka sa mata safa a baibai."

Ba su ji ta ba. Suka fi awa guda suna ja, wannan ya kawo hujja, wancan ya kawo tasa, sun manta da wadda suka zo dominta. Gahawa ta huce, ta ɗumama musu wata. Leunis ya sulale wurin zomayensa. Da za su tafi ta bi su har ƙofa.

"To, na yi laifi ne ko ban yi ba?"

"Ki yi addu'a a kai," in ji fasto.

"Za mu sake zama," in ji Krijn.

Ba su sake zama ba. Washegari tana taje wa Dina kai ta ce, "Dina, don Allah me ya sa kika yi mini haka?" Dina ta yi dariya da rabin fuskarta har da hawaye, ta ce, "Yauwa." Wannan karon Tanne ta kasa gane wace iri ce.

Shekara biyu aka yi a haka. Sau takwas ana shimfiɗa teburi, sau takwas Tanne tana raka Dina, kuma kowane karo sai Dina ta danna mata yanki a hannu. Ba wanda ya hana, ba wanda ya ce daidai ne. A watan Fabrairu Dina ta rasu. Tanne ta yi mata wanka, Krijn ya yi akwatin da hannunsa, bai bar kowa ya taya shi ba.

Da Jibi na gaba ya matso, Tanne ta rame a mako guda. In ta je, da wane dalili, tunda ba wadda za ta raka? In ba ta je ba, ashe sau takwas ɗin nan sata ta ci ke nan? Ran Lahadi coci ya cika fiye da kullum. Fasto ya yi kira na farko, ta kama bencin gabanta, ta ɗaga kamar taƙi ɗaya, ta koma ta zauna. Ya yi na biyu, ya yi na uku. Ba ta tashi ba.

Da aka tashi ta tarar da Krijn a bakin ƙofar shinge, ya ƙi bin sauran dattawa. Suka jera a hanyar da ke bin gefen magudanar ruwa.

"Ba ki zo ba," ya ce.

"Ban zo ba."

"Don me?"

Ta tsaya cak. "Kai kake tambayata? Kai, Dattijo?"

"Na bar gurbi a ƙarshen benci. Har na hana matar Jannis matsowa."

"Ba kai ka ce ta taga na shiga ba?"

"Ni na faɗa."

"To yanzu ka sauya ne?"

"Ban sauya ba." Ya yi 'yan taku yana kallon ruwa. "Shekara talatin ina tsaye a kan teburin nan. Na san wanda ya kamata ya zo da wanda bai kamata ba. Yau da na ga wurin ba kowa, sai na ji an yi kuskure. Ban san wa ya yi shi ba, ke ko ni."

"To wa zan tambaya, in kai ma ba ka sani ba?"

Suka ci gaba da tafiya. Da suka zo mararrabar gidansa ya ce, "Ran Laraba zan kawo miki tufafinta. Ki ba wanda kika ga yana bukata."

Shekara talatin da uku Tanne ta ƙara a duniya. Wani lokaci takan je teburi, wani lokaci ba ta zuwa. Sai ta je sau biyu a jere, sannan ta yi shekara guda a benci. Mata sun yi ƙoƙarin gano ƙa'idar da take bi, sun gaji. Leunis, kafin ya rasu, yakan ce ya danganta ne da ciwon gwiwarta, ita kuma ba ta taɓa gaskata shi ko ƙaryata shi ba. Fastoci uku suka zo suka tafi, kowanne ya zaunar da ita ya tambaye ta ranar da Allah ya yi mata magana, kowanne ta ce masa ba ta tabbata an yi ba. Da asibiti ya karɓe haihuwa, masu sana'ar jana'iza suka karɓe wankan gawa, sai ta koma kai tukunyar miyar wake ga baƙin leburori da ke zuwa tonon albasa, waɗanda ko yarensu ba ta ji.

Ta rasu tana da shekara saba'in da tara, a gidan tsofaffi da ke birni, aka dawo da ita Zandkerke. A wurinmu in an je kabari kowa yakan kasa kunne ya ji ko fasto zai ce akwai bege game da mamaci, don ba kowa ake faɗa wa haka ba. Ranar ya yi kusan rabin awa yana magana a cikin iska, a kan girman jinƙan Allah da kuma wajibcin kowa ya binciki zuciyarsa. Da aka dawo gidan makoki ana shan gahawa, waɗanda suka tsaya ta gaba suka ce a fili ya faɗa ta sami ceto. Waɗanda suka tsaya ta baya suka ce su gargaɗi suka ji, kada mutum ya ruɗu da yawan aikinsa. Babban ɗanta ya je ya sami faston ya tambaye shi wanne ya nufa. Fasto ya riƙe hannunsa ya ce ai ya faɗi iya abin da ya sani.